Rabon Naman Suna a Ohio

Wata biyu ke nan da dawowata, amma har yau duk wadda ta shigo yi mini barka da sauka, kafin ta ajiye kofin ruwa sai ta ce, "To Malama, yaya Amurkan take?" Na ba da labarin a tsakar gidana, na ba da shi a Islamiyyarmu ta matan aure, na ba da shi a cikin keke tsakanin Tudun Wada da Gyallesu har mai keken ya wuce da ni inda zan sauka. Maƙogwarona ya gaji. Shekara talatin da ɗaya na yi ina koyarwa a firamare, na kuma san maganin ajin da ba ya gajiya da tambaya ɗaya: a rubuta a allo kowa ya kwafa. To ga shi na rubuta.

Abin da ya kai ni ba yawon buɗe ido ba ne. 'Yata ta fari ce ta haihu a can, wadda ba na faɗin sunanta, kowa dai Ummi yake ce mata. Mijinta Aminu yana aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wani asibiti a jihar Ohio. Haihuwar fari a gaban uwa ake yin ta, amma tunda ita ba ta samu zuwa goyon ciki ba, sai ni na bi ta da wankan jego. Biza ta yi mini jinkiri, kafin ta fito jaririn ya kusa sati uku a duniya.

Na bar Zariya da jaka biyu, rabin kayan duk na ciki ne: garin kunu, kanwa, daddawa, kuka, yajin jego, kilishi, da busasshen ganyen darbejiya na wanka. Mota zuwa Kaduna, jirgin ƙasa zuwa Abuja, daga nan sai sama. A jirgi na biyu Allah ya haɗa ni zama da wani Bature mai jiki, mai sayar da kayan motar noma. Ina gaishe shi na jawo wa kaina. Daga tashinmu har saukarmu bai rufe baki ba: haraji ya yi yawa, ƙwai ya yi tsada, mai ya yi tsada, ƙasarsu ta lalace, idan mutanensa ba su ci zaɓen da ke tafe ba to Amurka ta ƙare. Ni da na baro unguwar da ake yi wa wutar lantarki guɗa idan ta zo, sai na riƙa duban sa ina tunanin ko dai jirgin da na shiga ba na Amurka ba ne.

A filin jirginsu kare ne ya fara yi mini maraba. Ya zo ya dasa hanci a kan jakata, wadda sallayata ke ciki. Na daka masa tsawa da Hausa, mai riƙe da shi ya nuna mini wani tebur. A can wata ma'aikaciya baƙar fata mai dogayen farata ta zazzage kayana. Kilishi ta jefa a kwandon shara ina kallo, ganyen darbejiya ya bi shi. Da ta kwance ƙullin daddawa sai da ta ja da baya taku biyu. Ta ɗaga kanwa ta ce wannan wane irin dutse ne, na ce na sha ne. Sannan ta tambaye ni me na zo yi.

Na ce, "Na zo in yi wa 'yata wanka."

Ta ce, "Shekararta nawa?"

Na ce, "Ashirin da tara."

Ta daɗe tana kallona. Na yi mata bayanin jego, kwana arba'in, ruwan zafi safe da yamma, mai jego ba ta girki ba ta wanki. Ta ajiye biro ta ce ita da ta haifi na biyu, ba ta cika sati uku ba ta dawo kan wannan tebur, don babu dokar da ta tilasta a biya ta idan ta zauna a gida. Ta ce duk ɗan takarar da zai gyara wannan shi za ta zaɓa ko da jaki ne. Ta mayar mini da kanwata da daddawata ta ce in wuce.

Gidan su Ummi na katako ne, bangon kamar kwali. Idan surukina ya yi tari a ɗakinsa ina ji a nawa. Ni da a gida ko a hanya muka haɗu da suruki sai in kauce, yau ga ni ina cin karo da shi a kicin yana wanke kwanuka, yana cewa, "Mama, in haɗa miki shayi?" Kwana uku na yi ina cin abinci a ɗaki. Abincin ma ba wani na a zo a gani ba: kaza ƙatuwa amma lami, burodi da ganye mai sanyi a ce wai an ci na rana.

Layin nasu kuwa tsit, ba yaro ba akuya ba mai talla. Abin da kawai ke magana shi ne ƙananan alluna da aka kakkafa a ciyawar ƙofar gidaje, wasu ja wasu shuɗi. Aminu ya ce mini lokacin zaɓe ne, kowa yana nuna ɓangarensa. Na ce to ai mu ma muna manna fasta har a jikin bangon maƙabarta. Ya ce, "Mama, nan daban ne. Mai ja ba ya shiga gidan mai shuɗi." Na ɗauka irin zuzutawar 'yan boko ce.

A rana ta huɗu na buɗe firiza neman kifi, sai na tarar da ledoji jere maƙil da nama. Na tambayi Ummi, ta ce ragon suna ne, a wata gona aka yanka aka kawo musu a yayyanke.

Na ce, "Ba ku raba ba?"

Ta ce, "Mama, wa za mu ba?"

Raina ya ɓaci ƙwarai. Naman suna ya kusa sati uku a ƙanƙara, maƙwabta suna kewaye da su ba wanda ya ɗanɗana. Na ce wannan yaro ba za a fara masa rayuwa da rowa ba. Na sauke naman na hau suya. Ban kai rabi ba wani abu a rufin kicin ya ɗauki kururuwa kamar an taka wutsiyar mage, jariri ya farka, sai ga wata tsohuwar Baturiya ta faɗo gidan da jan tulun kashe gobara a hannu. Wannan ita ce Sharon, maƙwabciyarsu ta jikin katanga. Da ta ga hayaƙin suya ne sai ta zauna tana dariya, na miƙa mata tsoka ɗaya da yaji, ta ci tana hawaye tana neman ƙari. Ummi ta ce mini ita ce ta kai ta asibiti ranar naƙuda, Aminu yana wurin aiki, ta kuma riƙe mata hannu har aka haihu. A ƙofar gidanta jan allo ne.

Washegari na ƙulla nama a ledoji na sa hijabina na shiga layi gida gida. Ummi tana ta roƙona in bari, na ce ta koma ta sha kununta.

Gidan farko mai shuɗin allo ne. Matar gidan yarinya ce, malamar firamare irina. Ba ta cin nama, amma ta karɓa ta yi godiya, muka tsaya hira irin ta malamai. Ita ce ta gaya mini cewa a makarantarsu ana koya wa 'yan aji ɗaya yadda za su ɓuya su yi shiru idan ɗan bindiga ya shigo. Ana kashe fitila, a kulle ƙofa, ta raba musu alawa don kada su yi kuka. Na ce ɗan bindiga daga wane daji? Ta ce ba daga daji ba, wani lokaci ɗalibin makarantar ne. Ni na san tsoron 'yan bindiga, mun ga ana rufe makarantu a jiharmu saboda su, amma namu ɓarayi ne da gwamnati ke nema. Nasu a kanti suke sayen bindigar da rasit. Ta ce muddin masu ja suna da ƙarfi ba za a taɓa hana wannan ba, kuma ita ba ta ɗauke su mutane masu zuciya ba.

Gida biyu gaba, mai jan allo, wani tsohon soja ya buɗe mini ƙofa rabi, hannunsa ɗaya a bayan ƙyaure. Da ya gane kyauta na kawo sai ya saki fuska, ya fito da hannun, na ga ashe bindiga ce yake riƙe da ita. Ya ba ni haƙuri, ya ce ba a saba ƙwanƙwasa masa ƙofa ba. Na kawo masa maganar malamar nan. Ya ce maganin abin mai sauƙi ne, a ba malaman bindiga su ma. Na ce mu bulala ma an hana mu riƙewa. Ya ce masu shuɗi so suke su ƙwace makaman mutane don su mulke su yadda suka ga dama, shi kuwa sai dai a ƙwata a hannun gawarsa. Yana faɗa yana cin naman sunan jikana, yana yaba yajin.

Wanda ya fi ɗaure mini kai shi ne Emeka, mai kantin kayan abincin Afirka inda Aminu ya kai ni sayen manja. Yana ganina ya ce, "Hajiya, ina gajiya? Yaya mutanen Zazzau?" Ashe a Sabon Gari aka haife shi, Hausarsa ta fi ta Aminu. Na yi murna kamar na ga ɗan ɗakinmu. Amma da hira ta kai ga zaɓe sai ya ce shi ɗan ja ne, a rufe iyaka, a kwashe duk wanda ya shigo ba takarda.

Na ce, "Haba Emeka, kai da ka shigo jiya?"

Ya ce, "Hajiya, shekara tara na yi ina bin layi, mahaifina ya mutu ban je jana'iza ba don kada takarduna su lalace. Wani kuma ya tsallako katanga ya zo ya zauna kusa da ni? Wallahi ban yarda ba."

Na biya kuɗin manjana na fito.

Abin da na lura da shi, kowa a cikinsu mutumin kirki ne idan kana tare da shi, kuma kowa ya tabbata ɗaya ɓangaren mugaye ne. Mu ma ba waliyyai ba ne, mun ga an fasa kai a kan siyasa a Tudun Wada. Amma marigayi maigidana da ƙaninsa jam'iyyarsu ba ta taɓa zama ɗaya ba, a kwano ɗaya suke cin tuwo suna zagin 'yan takarar juna, wanda ya faɗi zaɓe a yi masa tsiya sati guda a wuce wurin. 'Yan siyasarmu ma da kansu yau suna nan gobe suna can, wa zai ɓata da ɗan'uwansa a kansu?

Saura labarin da ban taɓa bayarwa a Islamiyya ba, don akwai laifina a ciki.

Sharon ta saba shigowa kullum da hantsi ta ɗauki jariri yayin da nake gasa wa Ummi jiki. Yadda take riƙe shi tana shinshinar kansa ya sa wata rana na tambaye ta ko tana da jikoki. Ta ce ɗaya, mace, shekararta uku, ba ta taɓa ganin ta ba. Na ɗauka a wata ƙasa suke. Ta ce a'a, tafiyar minti ashirin ce a mota. 'Yarta Emili ta daina yi mata magana tun wani zaɓe da ya wuce, saboda ɓangaren da ta jefa wa ƙuri'a. Ta toshe lambarta, kyautar da ta aika ta haihuwa ma an dawo mata da ita ba a buɗe ba.

Na ajiye tawul na ce ta sake faɗa, don na zaci Turancina ne ya gaza. Ta sake. Mijin Emili ɗan Meziko ne, tun yana yaro aka shigo da shi, har yanzu zamansa bai gama daidaita ba. Ita kuma Sharon tana da ɗa namiji da ƙwaya ta kashe, ita ta tarar da gawarsa a banɗaki, kuma ta yi imani ta iyakar nan ake shigo da ƙwayar. Ta ce, "Ba mijinta na zaɓa a kora ba. Ɗana na zaɓa."

Kwana biyu abin yana cin raina. Uwa da 'ya, ba gado ba, ba maita ba, a kan ƙuri'a. A wurinmu gaba ba ta wuce kwana uku, kuma duk babban da ya ga irin wannan ya kama bakinsa shi ma yana da alhaki. Na raba faɗan malamai, na maido da aure uku a layinmu, na ce wannan ba zai gagare ni ba. Na ware leda mafi girma ta nama, na ce wa Sharon al'adarmu ce a kai wa dangin maƙwabci, ta kai ni kawai ta zauna a mota. Ta yi ta nuƙu-nuƙu, daga baya ta ɗauko makulli.

Ummi ta tare ni a ƙofa ta ce, "Mama, don Allah ki yi wa Allah. Nan ba Tudun Wada ba ce, ba a zuwa gidan mutum ba sanarwa."

Na ce, "Sulhu ake yi wa sanarwa? Matsa mini."

Ranar Asabar ce da rana. Sharon ta tsaya can nesa da gidan, ƙarƙashin wata bishiya, inda ba ta hango ƙofa. Na taka na je na buga ƙofar yadda muke bugawa, da tafin hannu, da ƙarfi, sau uku. Shiru. Ga mota a ajiye, ga ƙarar talabijin da na ji an kashe. Na ce a raina, gudun baƙo ne, ai kuwa kun haɗu da wadda ba ta gajiya. Na sake bugawa fiye da na farko, na ƙara.

Da aka buɗe, mace ce a tsaye, kamarta ɗaya da Sharon, fuskarta ba jini, waya a hannunta. Ta dube ni, ta leƙa bayana, ta dubi ledar hannuna. Sannan ta juya ta yi kira cikin gida ta ce ya fito, ba su ba ne. Mijinta, wani matashi, ya fito daga ƙofar baya da takalmi ƙafa ɗaya, yana rungume da yarinya ƙarama. Sai a lokacin na gane abin da na yi. Irin wannan bugu, a wannan gida, ma'aikatan shige da fice kawai suke tsammani da shi. Tun da nake ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Na ba su haƙuri har na rasa kalma. Mijin ne ya fara yin murmushi, ya karɓi naman, ya ce in shigo. Na zauna na faɗi ko ni wace ce da abin da ya kawo ni. Na yi wa Emili irin maganar da nake yi a gida: uwa uwa ce, nonon da ta sha, mutuwa ba ta sallama, ranar da za ta nemi ta gan ta ba za ta samu ba. Ta saurare ni har ƙarshe, ba ta katse ni ba. Yarinyar ta zo ta dafa gwiwata tana wasa da bakin hijabina.

Emili ta ce, "Kin ga yadda muka yi da kika buga ƙofa? Haka muke kullum. Ita ta sani, ta kuma zaɓi hakan." Ta share ido. "Ina kewar ta. Ki gaya mata ta zo ta ce ta yi kuskure. Kalma ɗaya. In ta faɗa, ta shigo yanzu ta ɗauki jikarta."

Na tashi da sauri har ina tuntuɓe. A lissafina magana ta ƙare. Wannan ai shi ne mafi arha a sulhu. Sau nawa na sa wanda ke da gaskiya ya ce "na yi kuskure, a yi haƙuri" don a zauna lafiya? Na isa mota ina haki, na ce wa Sharon ta fito, an buɗe mata ƙofa, ga ɗan abin da za ta faɗa.

Ba ta motsa ba. Hannayenta biyu suna kan sitiyari. Ta ce, "Amma ban yi kuskure ba. Ko gobe aka sake, haka zan zaɓa."

Na ce, "Sharon, ki faɗa da baki kawai, zuciyarki taki ce. A addininmu ma an yarda a yi ƙarya don a shirya mutane. Jikarki tana bayan ƙofar can."

Ta ce, "Emili za ta gane. Ni na koya mata kada ta yi ƙarya."

Na roƙe ta da Allah, na roƙe ta da ɗanta da ya rasu, har na yi mata faɗa kamar 'yar ajina. Ta tayar da mota. Na shiga na zauna ina jin kamar in fasa ihu, don ban san wadda zan fi jin haushi ba tsakanin ita da 'yarta da ni kaina. Har na baro ƙasar bayan arba'in babu abin da ya sauya a tsakaninsu.

Amma a hanyarmu ta komawa ranar, mun tsaya a wata mahaɗa danja ta tsayar da mu. Sai Sharon ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Kin gan ta?"

Na ce na gan ta, har ta dafa ni.

"Yaya take?"

Na ce gashinta baƙi ne mai laushi, an ɗaure mata shi gida biyu. Tana da wushirya. Idan ta yi dariya kumatunta na hagu yana lotsawa.

Sharon ta ɗaga hannu ta taɓa kumatunta na hagu, inda nata ma yake lotsawa. Danja ta ba mu hanya, motar bayanmu ta yi ta danna mana hon, ba ta ji ba.

Ta ce, "Sake faɗa mini daga farko."